Harbin tsuntsun da ya lula sama: ina gwaninta ta tsaya, ina caca ta fara?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke karatu a kudu maso yammacin Ingila ya rubuto cewa yakan je aikin korar tsuntsaye ranar Asabar a wani gandun farauta a yankin Devon. Ya ce maharban wurin suna alfahari da harbo tsuntsun da ya yi sama har ya koma kamar ɗigo, suna raina wanda ya harbi na ƙasa, suna cewa na saman ne aka yi wa adalci domin an ba shi damar tsira. Shi kuwa yana ganin wasu tsuntsayen na wucewa da ƙafa a reto. Yana tambaya: wannan adalci ne, ko kuwa zalunci ne aka yi wa ado?

Amsa:

Ƙanena, maganar maharban nan tana da gaskiya har zuwa wani tsayi, daga nan kuma sai ta zama yaudarar kai. Tsayin kuwa ana iya auna shi da yadi, ba abin jayayya ba ne.

Bari in fara da bayyana tsarin saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Tsuntsun da ake magana a kai shi ne fesant, ɗan dangin kaza wanda asalinsa daga Asiya yake. Girmansa ya kai na zabo, namijin na da doguwar wutsiya. Ba na daji ba ne zalla: a gona ake ƙyanƙyashe mafi yawansu, a sake su cikin kurmi da bazarar can, a ci gaba da zuba musu alkama. Ƙungiyar bincike ta GWCT ta ƙiyasta cewa a 2016 an saki fesant kusan miliyan 47 da fakara mai jan ƙafa miliyan 10 a Birtaniya, kuma abin da ake harbewa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Lokacin harbin fesant daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, dokar 1831 kuma ta hana harbi ranar Lahadi da ranar Kirsimeti a Ingila da Wels. Maharba takwas ko tara kan tsaya a jere, kowa a gindin turkensa mai lamba. 'Yan kora, irin ku ke nan, su taso tsuntsaye da sanduna da tutoci su bi ta kan maharban. A can baya kuma ga 'yan tsinta da karnukansu.

A da, da yawa ake tinƙaho. Lord Ripon, wani basaraken Ingila, ya bar lissafin abin da ya harbe daga 1867 zuwa rasuwarsa a 1923: dabbobi da tsuntsaye 556,813. A watan Disamba na 1913, a gandun Hall Barn da ke Ingila, Sarki Joj na Biyar da abokan harbinsa sun kashe fesant 3,937 a wuni guda. Da irin wannan ya fara zama abin kunya, sai alfaharin ya tashi daga yawa ya koma tsayi. Shi fesant ba mai son tashi ba ne, tsuntsun ƙasa ne. In an matsa masa yakan yi fir da ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ya baje fukafukai ya sulala zuwa kurmin da ya saba kwana. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da wuya ya wuce tsayin bishiyoyi da nisa. Tsayin da kake gani a Devon ƙasa ce ta ba shi: ana taso shi daga kan wannan tudu ya nufi wancan, maharba kuwa an dasa su a can gindin kwari. Shi ya sa Exmoor, yankin tuddai da ya ratsa Devon, da tsaunukan Wels da arewacin Yorkshire suka yi suna. Tsayi haja ce da ake sayarwa a wuraren nan, ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Inda suke da gaskiya shi ne wajen ƙin harbin na ƙasa. Tsuntsun da ya taho daidai kan shinge, bayansa akwai mutane, kai ma kana cikinsu. Ƙa'idar da ake koya wa kowane sabon maharbi ita ce kada ya ja kunama sai ya ga sararin sama kewaye da tsuntsun. Wanda kuma aka harba a yadi 10 ko 15, dalma kan ragargaza shi, naman ya haɗe da gashi da ƙashi, ba ya ciwuwa. Barna ce. Saboda haka maharbin da ya bar na ƙasa ya wuce ya yi daidai. Daga yadi 25 zuwa 40 kuwa, nan ne bindiga ke aikinta yadda aka ƙera ta, nan ne gwani ke nuna gwaninta, tsuntsu ya naɗe a sama ya faɗo matacce kafin ya taɓa ƙasa. Yadi 40 ba wasa ba ne, ƙafa 120 ne, kusan tsayin bene mai hawa 12. Matsalar daga nan ta fara.

Bindigar tsuntsaye ba harsashi ɗaya take fitarwa ba. Kwanso guda na ɗauke da ƙwayoyin dalma ɗari biyu da wani abu, suna fita a dunƙule sannan su yi ta bajewa, kamar yadda gero ke bajewa in ka watsa wa kaji: kusa da ƙafarka ya taru, can nesa kuwa ɗai-ɗai. Maƙera bindiga suna matse bakin bututun domin rage bajewar. Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi a Ingila shi ne a zana da'ira mai faɗin inci 30 a ƙirga ƙwayoyin da suka faɗa ciki. Da matsi mafi ƙarfi, a yadi 40 kashi 70 cikin ɗari ne ke shiga da'irar. A yadi 50 ya sauko kusan rabi. A yadi 60 kusan kashi ɗaya cikin uku ya rage.

Mu yi lissafin da harsashin da masu harbin sama ke so, mai nauyin giram 36 da ƙwaya lamba 4. Ƙwaya lamba 4 ta Ingila guda 170 ke cika oza ɗaya, wato kwanson na ɗauke da kimanin 215. A yadi 40, wajen 150 ne za su shiga da'irar. A yadi 60 kuwa ba su kai 70 ba. Ka raba filin da ke cikin da'irar gida 70, za ka ga kowace ƙwaya ɗaya ta sami fili kusan faɗin tafin hannu. Wannan ma in sun baje daidai-wa-daida ke nan, alhali ba sa yi, sukan taru a nan su bar ramuka a can. Yanzu ka fige fesant ka dubi inda ke kashe shi nan take: kai, wuya, zuciya da huhu, ƙashin baya. Kan bai fi ƙwallon goruba ba, wuyan kamar yatsa. Ga shi kuma daga ƙasa ake harbinsa, inda tsokar ƙirji mai kauri da ƙashin ƙirji suka tare kayan ciki. Ana bukatar ƙwayoyi da dama su same shi kafin a tabbata ɗaya ta shiga makasa. A yadi 60, ko da saitin maharbi ya yi daidai ɗari bisa ɗari, abin da ya fi yiwuwa shi ne ƙwaya biyu ko uku su taɓa shi, inda suka ga dama.

Ka lura da wannan: ban ce maharbin ya yi kuskure ba. Ya yi komai daidai, amma sakamakon ya fita daga hannunsa.

Akwai kuma ƙarfin ƙwayar. Tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 400 a daƙiƙa, amma da yake ƙarama ce kuma mulmulalliya, iska na cinye gudun da sauri. Babbar ƙwaya ta fi riƙe ƙarfinta, shi ya sa suke komawa lamba 4 ko 3 maimakon 6 da aka saba, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙwaya. Sai dai duk girman da ka ƙara, yawa ka rage. Ka ƙara nauyin harsashin don cike giɓin, bindiga ta riƙa dukan kafaɗa, kafin la'asar maharbi ya fara runtse ido yana zabura tun bai ja kunama ba. Ba yadda za ka juya lissafin nan ka ci riba ta kowane ɓangare.

Sannan ga tazarar da ake bayarwa a gaban tsuntsu. Fesant mai gudun mil 40 a awa, a yadi 40 sai ka harbi wajen ƙafa 8 a gabansa kafin ku haɗu. A yadi 60 tazarar ta haura ƙafa 13. Tsuntsun da ke sulalowa daga tudu kuma ba miƙe yake tafiya ba, yana gangarowa yana karkata da iska, ga babu bishiya ko wani abu kusa da shi da ido zai gwada. Kusan kowa a baya yake kuskure. Kuskuren baya kuwa ma'anarsa gefen dalmar ya sami ciki da ƙafafu da gindin wutsiya. Ƙafar da ka gani tana reto, wannan ce. Hausawa na cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure, amma a wannan fage kuskure tsaf ya fi shi sau dubu, domin wanda aka kuskure ya koma kurmi lafiya, wanda aka samu a ciki kuwa zai baje fukafukai ya ƙetare kwarin, ya sauka nesa da inda karnuka suke, ya shige ƙarƙashin ƙaya. In dila bai same shi a daren ba, ya yi kwanaki yana ruɓewa da rai.

Nan ne maganar "an ba shi dama" ta rushe. Masu faɗinta suna lissafi kamar abu biyu ne kawai ke faruwa: ko a kashe, ko a kuskure. Abu uku ne. Na ukun kuwa, wato rauni, shi ne ke ƙaruwa da kowane yadi da aka ƙara bayan 45. Maharbi ba ya ganinsa, domin idonsa ya riga ya koma kan tsuntsu na gaba. Ɗan kora da ɗan tsinta ne ke gani.

Hujja mafi ƙarfi da na sani ba daga fesant ta fito ba, daga dinyar Turai mai ruwan hodar ƙafa ce, wadda ke ratsa Denmak. Masu bincike sun riƙa kama su da rai suna ɗaukar hoton ƙashi. A shekarun farko na 1990 sun tarar kashi 36 cikin ɗari na manyan da kashi 25 na 'yan shekara ɗaya suna yawo da dalma a jikinsu. Waɗannan su ne suka rayu, ban da waɗanda suka mutu a ɓoye. A 1997 Denmak ta fito da shirin rage raunata namun daji, babban abin da aka nanata wa maharba shi ne kada su harbi dinya a nisan da ya wuce mita 25. Cikin 'yan shekaru adadin ya faɗi zuwa kusan rabi a manyan, a ƙananan ma ya fi haka faɗuwa. Ba sabuwar bindiga aka ƙirƙiro ba, nisa kawai aka rage.

Yanzu ga zancen kuɗi. A gandun kasuwanci da kan tsuntsu ake biya, fam 40 ko fiye kowane ɗaya, saboda haka wunin tsuntsu 300 ya kai fam 12,000 ko fiye. A gandu na yau da kullum, harsashi uku ko huɗu kan kawo tsuntsu ɗaya. A gandayen sama kuwa za ka ji ana ambaton takwas ko goma, ana faɗa ma da fara'a kamar abin yabo. Ka duba da kyau za ka ga wani a gefe da ɗan abin ƙirga a hannu yana latsawa duk lokacin da bindiga ta tashi. Dalili shi ne in maharba suka kasa cika adadin da suka saya, mai gandu zai nuna musu yawan harsashin da suka ƙona, ya ce shi ya kawo tsuntsaye, su ne suka kasa, sai su biya. Ka ga babu wanda tsarin ya ɗora wa asarar tsuntsun da ya tafi da rauni. Ni kuwa duk lokacin da na ji an ce goma a kan ɗaya, tambayar da nake yi ita ce: ina sauran taran suka tafi? Ba duka ne suka sha iska ba.

Ban ce babu gwanaye ba. Akwai mutanen da ke kwashe bazara suna atisaye da faifan yumɓu da ake harbowa daga dogayen hasumiyoyi, sun gwada bindigarsu a jikin allon ƙarfe sun san yadda take watsa dalma, an gyara musu gindinta daidai kafaɗarsu. Irin waɗannan sukan kashe tsuntsun yadi 50 tsaf, a kai a kai. Amma 'yan kaɗan ne, kuma abin da na lura da shi game da na ƙwarai a cikinsu shi ne yawan tsuntsayen da suke bari su wuce ba su ɗaga bindiga ba. Wanda ke tsaye a turke na gaba, da ya zo sau biyu a shekara da kuɗinsa, shi ne ke harbin duk abin da ya gifta. Ga kuma cika baki: yawancin abin da ake kira yadi 60 a teburin abincin rana, in an sa na'urar auna nisa 40 da 'yan kai ne. Wannan ƙarya ma tana da illa, domin sabon shiga ya ji ana kashe na 60, sai ya ɗauka shi ma zai iya.

Su kansu ƙungiyoyin maharban Birtaniya, irin su BASC da GWCT da ƙungiyar masu kula da gandaye, suna da kundin ƙa'idojin harbi da suka amince da shi. Ya bukaci maharbi ya iya ƙiyasta nisa, ya tsaya cikin iyakar ƙwarewarsa da ta bindigarsa, a tanadi isassun karnuka, a nemo wanda ya ji rauni a gama da shi da gaggawa, a kuma ɗauki abin da aka harba a matsayin abinci. Kundin ba doka ba ce, babu ɗan sandan da zai zo da tef. Amma yana nuna cewa abin da ke damunka ba baƙon tunani ba ne ko a wurinsu.

Tunda kai Musulmi ne, kana da ma'auni tun daga gida. Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Muslim, wanda muka haddace a Arba'una, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan. An hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti. Wanda ya fi dacewa da maganarmu kuwa shi ne hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal da ke cikin Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana jifa da tsakuwa, dalilin kuwa ba ta kashe abin farauta, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori. Ƙwayar dalmar da ta isa yadi 65 ta gaji, aikin tsakuwar nan take yi. Risala kuma ta faɗa a taƙaice cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba halal ce.

Wani abin da kan ba ni dariya: maharbin ƙauye a ƙasar Hausa da zai yi rarrafe cikin sanyin asuba har ya matso kusa da zabin daji suna kiwo, ya saki harsashinsa ɗaya tilo, Baturen Exmoor zai ce wannan abin kunya ne, ai ba a harbin tsuntsu a zaune. Amma da za a tambayi zabon, shi ya fi samun sauƙin mutuwa. Ladabin wasa daban, tausayin dabba daban. Na farkon yana kare mutuncin maharbi a idon abokansa, na biyun yana kare tsuntsu. A yadi 35 suna tafiya tare, a yadi 60 sun raba hanya. Ba kuma wanke maharbinmu na yi ba: wanda ke buɗe wuta cikin garken agwagin ruwa daga nesa a fadamun Haɗeja da Nguru, ya tsinci uku ya raunata goma, laifinsu ɗaya da Baturen.

Akwai canjin da ke tafe da zai taɓa wannan harka. A 2020 manyan ƙungiyoyin harbi na Birtaniya sun yi kira a bar dalma cikin shekara biyar don raɗin kai. Masu bincike na Jami'ar Kambirij sun riƙa sayen fesant a kasuwa suna dubawa, suka tarar fiye da kashi 90 cikin ɗari har yanzu da dalma aka harbe su. A watan Yuli na 2025 gwamnati ta sanar za ta haramta ta da doka, tare da wa'adin shekara uku na sauyawa. Denmak ta riga ta yi haka tun 1996. Abin da zai maye gurbin dalma ga yawancin mutane ƙarfe ne, shi kuwa bai kai ta nauyi ba: dalma na da giram 11.3 a kowane santimita kubik, ƙarfe 7.8. Ƙwayar ƙarfe ta fi saurin gajiya a iska, sai an ƙara mata girma, yawan ya sake raguwa. A yadi 35 zuwa 40 tana kisa ba matsala. A can sama kuwa iyakar za ta ƙara matsowa ƙasa, sai ga mai iya sayen harsashin tangistin ko bismut masu tsadar gaske.

Kai kuma a matsayinka na ɗan kora akwai abin da ke hannunka. In ka ga tsuntsu ya girgiza, ko gashi ya tashi daga gindinsa, ko ƙafa ta sauka, ka bi shi da ido har inda ya shiga, ka riƙe alama, bishiya ce ko kusurwar shinge, ka gaya wa mai kare da zarar an busa ƙaho. 'Yan tsinta na ƙwarai can nesa suke tsayawa, ɗaruruwan yadi bayan maharba, domin a can masu rauni ke sauka. Gandun da ka ga karnuka kaɗan ne, an jera su dab da turaku, ana gaggawar shiga mota zuwa kora ta gaba, ka san irin wurin da kake.

A ƙarshen Janairu akan ware wa 'yan kora rana guda su ma su yi harbi. In an ba ka aron bindiga ƙarƙashin kulawar mai lasisi, kafin ranar ka je filin atisaye ka harbi faifai. Ka auna yadi 35 da ƙafarka daga wata bishiya, ka dubi girman abu a wannan nisa har idonka ya saba, kada ka ɗaga bindiga ga abin da ya wuce haka. Bindigar bututu biyu gare ta: wanda ka raunata da bututun farko, shi za ka bi da na biyu, ba sabo ba. In kana son cin naman, ka yi bisimilla lokacin jan kunama, domin malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da aka harba da dalma, kuma ka tafi da wuƙa mai kaifi a aljihu: wanda kare ya kawo da sauran ransa, su sanda suke buga masa a ka ko su murɗe wuya, kai kuwa yankawa za ka yi.